Kukan Birki

Karo na uku ke nan a wata guda da malamar asibiti ta dawo da kekenta shagon, sai dai yau ba a kansa ta zo ba, turo shi ta yi. Gwiwar hannunta na dama naɗe da bandeji, gefen farar rigarta ya yi butu-butu da ƙasa. Ta jingina keken a bakin ƙofa, ta tsaya tana mayar da numfashi.

Auta na durƙushe yana neman huji a jikin wani tub na taya cikin kwanon ruwa. Da ya ɗago ya ga bandejin, sai ya ji gajiyar jiya da ta shekaranjiya sun taru sun sauko masa a wuya.

"Sannu, Malama. Ba dai shi ba ne kuma?"

"To wa zai zama? Ni dai ban taɓa ganin birki mawaƙi ba sai naka. Ka matse shi ya yi ta rera maka, keke kuwa na ta tafiyarsa."

Ƙaramin asibitin da take aiki a kan tudu yake. Kullum da safe takan gangara zuwa gidajen gona da ke kwari, da jakar allura a baya, kuma a tsakiyar gangaren akwai kwana mai kwalbati. A nan birkin ya ƙi kamawa yau. Da ta ga kwalbatin na nufo ta, sai ta zaɓi ciyawa ta zube.

"Jaka ba ta fashe ba, ni ma ban fashe ba," in ji ta. "Amma ka ji ni da kyau, Auta. Ba zan sake hawa ba sai ka gaya mini abin da ke damunsa. Ba 'na gyara' nake son ji ba, na ji sau biyu. Dalili nake so."

Daga can lungun shago, kan kujerarsa 'yar tsugune, Baba ya ce, "Sannu, 'yata. Allah ya kiyaye gaba. Kekunan zamani ke nan. A zamaninmu in birki ya ƙi, waya za ka ja, magana ta ƙare."

"Amin, Baba. Ka sha maganinka na safe?"

"Na sha."

"Zan gani ranar Talata," ta ce, ta juya ta kama hanyar tudu da ƙafa.

Shagon na Baba ne, mahaifin Auta. Shekara arba'in ya yi a cikinsa yana ɗaure sifoki da facin taya, har ciwon shanyewar jiki ya kama masa ɓarin hagu shekara biyu da suka wuce, ido ma ya fara hazo. Da aka sallamo shi, Yaya, babbar 'yarsa da ke aure a birni, ta ɗauke shi ta ajiye a wani ɗaki a saman bene, mai fanka da talabijin. Mako biyu ya yi a can. A na farko ya daina hira, a na biyu ya daina cin abinci. Dole ta mayar da shi, amma da sharaɗi, kuma a gaban Auta ta gindaya shi: Baba ya zauna a shago ya kalli titi, kada ya taɓa aiki. "Ranar da na ji ya ji ciwo, ko wani ya ji ciwo ta dalilinsa, mota zan turo. Ba zan tsaya jin bayani ba." Malamar asibitin ce ke zuwa auna masa jini duk Talata, kuma duk Talata Yaya sai ta kira ta ta ji labari.

Abu ɗaya ya rage wa Baba na sana'a. In an gama keke, kafin mai shi ya zo ɗauka, sai ya ja kujerarsa kusa, ya zaro tsummansa daga aljihu ya goge shi tas. Tsumman ya girmi Auta. Asalinsa hannun wata rigar sanyi ce shuɗiya, amma yanzu ba mai iya rantsuwa a kan launinsa. Auta bai taɓa lissafa wannan cikin aiki ba, bai kuma taɓa faɗa wa Yaya ba.

Aikin gaske kuwa ya koma hannun Auta, kuma ya sauya kama. Tun da aka fara shigo da kekunan hawan dutse na hannu, rabin abin da ake kawowa birkinsa ba waya. Wani siririn tiyo ne cike da mai, ya taso daga hannun birki ya gangaro wajen taya, inda ƙananan takalma biyu ke cizon wani faifan ƙarfe. A bidiyon wayar salula ya koyi gyaransu, yana kallo yana dakatarwa, bayan ya lalata guda biyu. Duk layin ba mai taɓa su sai shi, shi ya sa maƙwabta suka laƙaba masa Injiniya, rabi yabo rabi tsiya.

Ya ɗaga keken malamar ya rataye a ƙugiya. Ya matsa hannun birki, ya ji shi da tauri yadda ya kamata, alamar ba iska a ciki. Ya bi tiyon da yatsa tun daga sama har ƙasa, a bushe. Ya zare takalman ya kai su bakin ƙofa wajen haske. Sababbi ne, kwana tara da sa su, amma sun yi baƙi suna ƙyalli kamar an shafa musu man kitso. Haka na farkon suka yi. Haka na biyun.

Ya zuba su a aljihu. "Baba, zan je wurin Orijina."

"Ka gaishe da ɓarawon."

Orijina mai kayan gyara ne a bakin kasuwa. Ya samu sunan ne don ko igiyar takalmi ka taɓa a shagonsa sai ya ce maka orijina ce. Auta ya watsa masa takalman a kan tebur.

"Kayanka sun kusa kashe mini mutum."

"Ina kwana dai tukuna, Injiniya. Haka ake shiga wurin manya?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Sau uku ina saye a wurinka, sau uku suna kuka."

Orijina ya ɗauki ɗaya ya sansana. Ya kama shi da filaya, ya ƙyasta ashana ya kara a ƙasansa. Ba a jima ba fuskar takalmin ta fara gumi, wani hayaƙi mai wari ya tashi.

"Ka gani? Wannan ya sha mai ya ƙoshi. Ko dai birkin na yoyo, ko kuma wani na soya ƙwai a kan faifan."

"Ba ya yoyo. Na duba."

"To hannunka ne."

"Ni da nake wanke hannu kamar mai shiga tiyata?"

"To aljanu ne, ka je ka sasanta da su. Ni dai kayana orijina ne." Ya miƙo masa wasu sababbi a leda, ya riƙe bai saki ba. "Ka yi barci kuwa kwanan nan? Dubi idonka. In mutum ya gaji, hannunsa na yin abin da bai sani ba."

Auta ya fizge ledar ya fita. A hanya maganar ta yi ta cinsa. Shi ne mai buɗe shago, shi ne mai rufewa, shi ne mai yi wa Baba wanka da ɗaura masa maɓallin riga. Ba mamaki ya taɓa sarƙa ya manta ya taɓa faifai. Sau ɗaya zai yarda. Sau uku fa?

Da ya dawo ya ɗauki aikin daga tushe, kamar bai taɓa ganin keken ba. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwa. Ya kwance faifan gaba da na baya, ya dirje su da samfefa har tsohon ƙyallin ya tafi, ya wanke su da sifirit da sabuwar auduga, yana canza audugar har ta daina yin baƙi. Ko da yake bai zargi man ciki ba, sai da ya sauya shi. Ya ɗaura ƙaramin mazurari a kan hannun birki, ya tura sabon mai da sirinji daga ƙasa, tsohon ya hauro sama. Ya ƙwanƙwasa tiyon da bayan sifana, ya jira, ya sake ƙwanƙwasawa, har ya tabbata ba ƙwayar iska ko ɗaya da ta maƙale. Ya goge ko'ina, ya sake wanke hannu, sannan ya sa sababbin takalman, yana riƙe su ta gefe kamar hoton wani.

Rana ta take lokacin da ya fita gwaji. Ya hau gangaren bayan makaranta sau goma, yana sakin keken yana kamawa, don takalma su saba da faifai. A na goma ya matsa da yatsa ɗaya, tayar baya ta ɗaga sama. Ba kuka, ko ƙis. Haka ma ya yi wancan karon, da wanda ya gabace shi, shi ya sa bai ji wani daɗi ba.

Ya jingina keken a cikin shago ya tsallaka titi ya karɓo musu shayi da burodi. Kullum yakan tsaya a can ya sha nasa, ya ɗan miƙe baya, amma yau mai shayi na rigima da wani direba, sai ya ɗauko kofunan biyu ya dawo.

A bakin ƙofa ya tsaya.

Baba ya ja kujerarsa gindin tayar gaba. Ya riga ya gama da jikin keken, sai sheƙi yake. Yanzu ya naɗe tsumman a yatsa biyu, ya ɗiga masa baƙin mai daga 'yar gwangwaninsa, yana bin faifan da shi a hankali, rami-rami, yana lalube da babban yatsa don kada ya tsallake wuri. Harshensa a ɗan waje, kamar yadda yake yi a da in yana daidaita taya. Auta ya daɗe bai ga fuskarsa a sake haka ba.

Shayin ya fara ƙona masa yatsu. Bai ajiye ba.

"Ka dawo?" Baba ya ce ba tare da ya juyo ba. "Kai dai ka iya ciki, ba ka iya waje ba. Ka bar mata ƙarfe tsirara, ka kankare shi fari fat. Damina na shigowa tsatsa za ta cinye shi. Yarinyar nan tana wahala da mu, ai a kyautata mata. Na baya ma na yi."

"Kullum kana yi masa haka, Baba?"

"Nata dai ba na fashi. Sauran in na samu ƙarfi."

Auta ya miƙa masa kofi. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya duba, Yaya ce. Ya fita waje ya ɗauka.

"Auta, na kira Malama in tambaye ta sunan maganin nan, take ce mini ta faɗi a keke. Ba a wurinku ake gyara mata ba?"

"A wurinmu ne."

"To me ya faru? Baba dai ba ya taɓa komai ko?"

Ya waiwaya. Baba na tsoma burodi a shayi da hannunsa mai lafiya, tsumman na kan gwiwarsa.

"Yana zaune, Yaya. Shayi ma yake sha."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Aikina ne. Ni na yi kuskure, ina kan gyarawa."

"Kai ma ka rage gaggawa. Ran mutane ne a hannunka." Ta ƙara da cewa, "Ɗakin nan dai na nan, ban sa kowa a ciki ba."

"Na sani."

Ya koma ciki. Sa'ar da aka yi tayoyin ba su juya ba tun da aka shafa man, takalman ba su taɓa shi ba. Ya ɗaga keken cak ya rataye, ya zare takalman ya nannaɗe a takarda, ya sake kwance faifan biyu. Samfefa, sifirit, auduga. Bayansa na zafi, idonsa na yaji.

"Aikin da aka gama kuma ake kwancewa?" in ji Baba.

"Na manta wani abu ne."

"Me ka manta?"

"Wani ƙaramin abu."

Baba ya koma ga shayinsa. Amma warin sifirit ya cika shagon, kuma hanci ba ya cikin abin da ciwo ya taɓa masa.

Da yamma malamar ta sauko, ta sauya riga, bandejin na nan. Auta ya fito da keken da kansa, bai bar shi ya yi ko minti ɗaya a jingine ba. Ta matsa birkin gaba ta tura, keken ya kafe. Ta matsa na baya.

"Ya kama. Wancan karon ma ya kama. Ina dalilina?"

"Mai ne ya taɓa faifan," in ji Auta. "Irin wannan birkin, man da ke cikin tiyo shi ne ƙarfinsa, amma in ɗigo ɗaya ya hau faifai, takalma su tsotse, shi ke nan. Ranar farko zai ɗan kama, kwana biyu sai kuka da santsi."

"Ina man ya fito?"

"Hannuna. Na taɓa sarƙa na taɓa shi."

"Sau uku?"

"Gajiya ce, Malama. Ki yi haƙuri."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa wanda ya ce ya sha magani alhali bai sha ba. Kafin ta yi magana kujera ta yi ƙara a lungu. Baba ya dafa bango ya miƙe, ya jawo ƙafarsa ta hagu har bakin ƙofa.

"'Yata, yaron nan ƙarya yake miki, kuma bai iya ba, tun yana ƙarami bai iya ba. Sabulun da yake ƙararwa a wata ya ishi gidan biki." Ya zaro tsumman ya ɗaga. "Ga hannun da ya taɓa."

"Baba, ka koma ka zauna."

"Rufe mini baki, Auta, da babba nake magana." Ya juya gare ta. "Shekara arba'in ban taɓa sallamar keke da busasshen ƙarfe ba. Wanda ya koya mini, in ya ga ƙarfe ba mai, da sifana yake ƙwala mini a ka. Ban san an yi ƙarfen da ke aiki da ƙishirwa ba. Ba wanda ya gaya mini." Ya dubi bandejin, ya kawar da kai. "Ni na kayar da ke."

Malamar ta daɗe tana kallon tsumman. Ta shafa gwiwar hannunta.

"Baba, da motar itace na tahowa a kwanar nan, da yanzu wani zance ake."

"Na sani."

"Kuma akwai mata biyu a kwari da ban kai musu allura ba yau."

"Na sani, 'yata."

Ta sauke numfashi, ta gyara jakar a bayanta. Auta ya buɗe baki, ta riga shi.

"Na san abin da za ka roƙa. Ni jini aka ce in auna, abin da na auna shi nake faɗa wa yayarka. In ta tambaye ni wani abu kai tsaye, ba zan yi mata ƙarya ba, ka ji na gaya maka. Ku san yadda za ku yi kafin Talata." Ta ɗora ƙafa a feda. "Baba, in ka ƙara matsowa kusa da tayata da wannan abin, allurar da ta fi kowace girma zan zo da ita."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Ta hau ta tafi, ta taɓa birki a bakin kwana, shiru, ta ɓace.

Baba ya koma kujerarsa. Ya ninke tsumman gida huɗu a kan gwiwa, da hannu ɗaya, ya ɗora a kan teburin aiki kusa da gwangwanin mai, ya ture su can nesa da shi.

"Kira yayarka," ya ce. "Gara ta ji a bakinmu."

"Zan kira ta."

"Yanzu."

"Caji ya ƙare."

"Ai na faɗa, ba ka iya ƙarya ba."

Auta ya juya wajen aiki. Akwai keken wani mai kai saƙo da ke rataye tun jiya, birkin bayansa ya yi laushi. Ya riga ya tura masa sabon mai da safe kafin malamar ta zo, saura a rufe. Shi kaɗai yake irin wannan aikin kullum, yana ɗaure hannun birki da roba in yana bukatar a riƙe. Ya nemi robar a cikin tarkace, ya gan ta, ya bar ta a wurin. Ya sassauto ƙugiyar har kan keken ya zo daidai kafaɗar mai zaune, ya tura shi gaban Baba.

"Riƙe mini nan. In na ce matsa, ka matsa a hankali. In na ce saki, ka saki."

"Yayarka ta ce kada in taɓa aiki."

"Zan gaya mata wannan ma. Duka zan gaya mata, in ya so ta turo motar ta same mu muna yi. Matsa."

Baba ya sa yatsu biyu na dama ya matsa. Ya saki. Ya sake matsawa ba a ce masa ba, ya karkata kai gefe kamar mai sauraron magana a bayan bango.

"Da saura," ya ce.

"Saura me?"

"Ban san sunansa ba. Amma akwai abin da ke kwance a ciki. Kafin ya cije sai ya ɗan yi ƙarya tukuna."

Auta ya karɓa ya matsa. Shi dai tauri ya ji. Sau biyu ya fitar da iskar nan da safe, kuma ƙafafunsa sun gaji da tsayuwa, wuyansa ya ƙage. Rufe bakin man kawai ya rage ya ja ƙofar shago.

Ya ɗauko mazurarin ya sake ɗaurawa, ya zuba mai kaɗan. Ya durƙusa ya bi tiyon da bayan sifana, ƙwas, ƙwas, tun daga taya har sama.

"Matsa. Saki. Matsa."

Suka zuba wa mazurarin ido, mai gani da wanda ba ya gani sosai. Man ya kwanta lumui, ba motsi. Can sai wata ƙwayar iska, ba ta kai kan allura ba, ta taso daga ƙasa a hankali ta fashe.

"Ta fito?" in ji Baba.

"Ta fito."

"To sake bugawa. Ba ita kaɗai ba ce."

Auta ya gyara durƙuso, ya sake ɗaukar sifana.